Ɗakin da Hamma Ya Hana a Kunna wa Wuta

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Hamma ya koma ranar Talata da hantsi, a gidanmu na unguwar Jekadafari, kafin la'asar an kai shi. Shi ne babban wanmu, ya ba ni shekara ashirin cif, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gidan. Ni ce autarsu, malamar makaranta, kuma duk dangi sun san bakina ba shi da linzami.

Kwana uku na yi a tsakar gida ina karɓar gaisuwa, na ga abin da ya kusa sa ni dariya a gidan mutuwa, Allah na tuba. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo tun daga zaure tana salati tana dafe kai, wai unguwa ta yi rashin waliyyi. Ita ce fa ta shekara tana bin gidajen suna da na biki tana cewa Hamma na kiwon aljanu a ɗakin duhu. Na dube ta, ta sunkuyar da kai tana fyace hancin da babu komai a ciki. Wani tsohon babban ma'aikaci ya aiko a gaya wa mata cewa ƙasa ta yi asarar masanin kimiyya. Shi ne ya laƙa wa Hamma sunan Likitan Karfasa, har sunan ya bi shi masallaci. Na aika a tambaye shi, don Allah wace kimiyya marigayin ya sani? Amsar da ta dawo ita ce wai maganin ciwon ido yake haɗawa. Hamma bai taɓa ɗiga wa kowa magani a ido ba tun da aka haife shi.

Mutum ɗaya na ga ya zo don Hamma. Wani tsohon abokinsa ne, Batangale, Kirista, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Ya zauna can gefen tabarma bai ce komai ba sai “Sannunku da haƙuri.” Da zai tafi ya aiko wa Adda, matar Hamma, da wani tsohon fulas mai faɗin baki, fentinsa duk ya kaɗe. Ya ce na marigayi ne, ya daɗe a wurinsa. Adda na ganinsa ta shige ɗaki. Ni ma na gane fulas ɗin.

Sai kuma Alhaji. Shi ne na tsakiyarmu, ƙanin Hamma, wana. Tun da ya je Makka karon farko ya hana a kira shi da wani suna sai Alhaji. Muryarsa na keta bangon zaure har inda muke zaune, kuma sau uku na ji shi da kunnena yana gaya wa masu gaisuwa cewa shi ya fara sa wa gidan nan wutar lantarki, lokacin da duk layin ke fama da aci-bal-bal, don kada yayansa ya zauna cikin duhu. Mutane na ta cewa Allah ya saka, zumunci ya yi kyau. A karo na ukun ne na ce to, sai na rubuta. Idan na bar wa waɗannan mutane labarinsa, nan da sadakar arba'in sun mai da shi boka ko waliyyi, kuma shi ba ko ɗaya ba ne.

Abin da na fara tunawa da shi, shekarar da aka sami 'yancin kai ne. Ina 'yar shekara takwas, mun dawo daga fili da tsakar rana riƙe da 'yan tutocin da aka raba mana a makaranta. Na faɗo zaure a guje na yi karo da butar mahaifinmu, na ce ai ban ga komai ba, zauren ya yi duhu. Hamma na zaune a ciki, ya zo hutu daga asibitin da yake aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaji. Ya kama kafaɗata ya ce in tsaya cak. Na tsaya. A hankali sai ga buta, sai ga buzu, sai ga fuskar mahaifinmu yana harara ta. Hamma ya tambaye ni wa ya kunna fitila, na ce babu. Ya ce to me ya canja? Na ce ban sani ba, shi ma ya ce bai sani ba, amma zai bincika. Daga ranar ya sami maganar da ya mutu da ita a baki: “Tsaya tukuna, ba ido lokaci.” Ko gardama ake yi a gida, ko mutum ya kawo masa ƙarar wani, abin da zai fara faɗa ke nan.

Ya kuwa bincika. Daga wankin kwalabe ya koma jami'a can nesa, ba ɗalibi ba, ma'aikacin ɗakin gwaji. Hannu Allah ya ba shi. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani da haske ke sauka a kai, ya fi ɓawon albasa sirantaka, kuma Hamma na iya ɓare shi daga idon kifi da matsefata bai yage ba. Shekara goma sha takwas yana yi wa manyan malamai wannan aiki. Su ke rubuta sakamako a takardun da ake bugawa, sunayensu a sama, shi kuwa ko a ƙasa babu. Bai taɓa kuka da wannan ba. Ni ce mai yi masa kukan, kullum ya ce in ba ido lokaci.

A cikin shekarun nan ne wani tunani ya shige shi, nasa na kansa. Ya yi min bayaninsa ya fi sau ashirin, don haka zan iya maimaitawa. A cikin tantanin nan akwai wasu 'yan ƙwayoyi ƙalilan masu sarrafa wani sinadari da ake kira dofamin. In mutum ya fito haske sai su ƙara aiki, sinadarin ya yawaita, shi ke sanar da sauran ido a koma tsarin rana. In duhu ya yi sai su lafa. Abin da ake ɗauka shi ne haske ke tashin su kai tsaye. Hamma ya ce yana zargin akwai wasu ƙwayoyi maƙwabtansu da ke zuba musu wani sinadari mai tsawatarwa, wanda ke danne su muddin ana cikin duhu, haske kuma ɗage hannun mai dannewar yake yi. Da ya ga na yi sororo sai ya ce in tuna ajina: in na fita yara suka ɓarke da surutu, ba wani ne ya shigo ya ce su yi ba, mai tsawatarwar ce ta tafi.

Yadda za a gane gaskiyar abin mai sauƙin faɗi ne. A ajiye kifi cikin duhu na kwanaki har idonsu ya manta da rana. A yi wa rabinsu allurar wani magani da ke toshe sinadarin tsawatarwar, a bar rabi. A jira 'yan sa'o'i, duk cikin duhu, a cire tantanin a sa a ƙanƙara a kai jami'a a auna. Idan dofamin ya tashi a idon waɗanda aka yi wa allura alhali ba su ga haske ba, Hamma ya yi gaskiya. Amma in haske ya taɓa su ko na ƙiftawar ido ne a cikin sa'o'in nan, aiki ya tashi a banza, don ba mai iya cewa allura ce ta tashe su ko hasken.

Malamin da yake aiki a ƙarƙashinsa ya yarda da tunanin, ya nemo maganin daga ƙasar waje. Sama da shekara aka yi ana jira kafin ya iso, a 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsana ba, kuma na gwaji ɗaya ne tak. Ya damƙa wa Hamma, ya ce aikinka ne, in ya fito sunanka ne a sama. Hamma ya ɗauki hutu ya taho gida, saboda a nan yana da karfasa mai rai daga kogin Dadin Kowa, ga kuma ɗakin da zai iya rufewa yadda yake so.

Akwai abin da bai gaya wa malamin ba, ni kaɗai ya gaya wa. Wata rana da safe yana shan kunu na ga ludayin na kaɗawa a hannunsa na dama, kaɗan dai, kamar mai jin sanyi. Ya ga na gani. Ya ajiye ludayin ya ce ciwon karkarwa ne ya fara, kuma abin dariyar shi ne wannan dofamin ɗin ne ke ƙarewa a ƙwaƙwalwarsa. Ya ce in ya danne hannun da ɗan'uwansa har yanzu yana iya ɓare tantani, amma bai jin zai kai wata damina.

“Wannan karon kaɗai gare ni, Auta,” ya ce. “Ki riƙe a cikinki.”

Na riƙe. Ku tuna da wannan, don kada wani ya ce ban sani ba.

Ɗakin da ya zaɓa tsohon ɗakin ajiyar hatsi ne a ƙarshen gida. Ya toshe tagar da buhu da baƙin yadi ninki uku, ya rataya labule biyu a bayan ƙofa, ya jera rabin duro huɗu cike da ruwa, ya zuba karfasa arba'in. In zai shiga sai da 'yar tocilar da ya naɗe wa baki da jan ƙyalle, har ba ta haska komai sai tafin hannu, don ya ce ɗan jan haske irin wannan ba ya tashin idon kifi. Ya sa kwaɗo, makulli ɗaya a aljihunsa, ɗaya ya ba ni ajiya saboda ko nasa zai ɓata. A lokacin makarantarmu na kusa, kullum in an tashi nan nake biyowa kafin in wuce gidan mijina.

Unguwa ta ɗauka. Zamanin kuɗin man fetur ne, kowa ya haukace. Wanda jiya yake tura baro yau ya zama ɗan kwangila, ana sayen rediyo mai kaset don a rataya a kafaɗa, ana sayen firji a gidan da babu wuta a zuba takalma a ciki. Mutumin da ya yi shekara goma sha takwas a jami'a ya dawo ba mota, ba tumbi, ya kulle kansa da kifi cikin duhu, ai dole a ce ko tsafi ko taɓin hankali. A majalisa in ya wuce sai a tambaye shi lafiyar marasa lafiyarsa, a kwashe da dariya. Ya amsa musu da cewa suna samun sauƙi. Ni kuwa in na ji sai in yini ina tafasa.

Alhaji ne ya fi kowa jin kunya. Shi siminti ya ɗaga shi, cikin shekara uku ya tashi daga mai awon gyaɗa ya koma mai manyan motoci. Ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Irin mutanen nan ne da ba su yarda akwai abin da kyauta ba ta gyarawa, kuma in sun yi maka alheri sai ka karɓa ko kana so ko ba ka so. Ya sayo injin wuta, ya turo ma'aikatansa suka ja waya a gidan gaba ɗaya, ɗakin mahaifiyarmu, ɗakin Adda, zaure, har makewayi. Hamma ya yi godiya, ya ce ɗaki ɗaya kawai za a bar masa.

A nan suka yi rigimar da ban taɓa ganin sun yi ba. Alhaji ya ce me mutane za su ce, ya haska gida duka ya bar ɗakin yayansa kamar kabari? Ai cewa za a yi rowa ya yi, ko kuma maganar aljanun gaskiya ce. Hamma ya fara yi masa bayanin tantani da sinadari, Alhaji na kallon agogonsa na zinariya. Da ya ga bayani ba ya shiga sai ya ce a ba shi mako ɗaya kawai, bayan nan ko fitilar filin ƙwallo ce a sa. Alhaji ya ce to, irin “to” ɗin da ke nufin na ji amma ban ɗauka ba. Ya ɗauka kawaici ne irin na babban wa da ba ya son ɗora wa ƙaninsa nauyi.

Ranar Juma'a ce kifin suka cika kwanakinsu. Da hantsi Hamma ya shiga, ya narka maganin duka, ya yi wa ashirin allura a ido, ɗaya bayan ɗaya, yana danne hannu da hannu. Ya fito rigarsa sharkaf da gumi, amma fuskarsa kamar ta ango. Ya gaya wa Adda cewa bayan la'asar zai cire tantanin, abokinsa na jirgin ƙasa zai kawo fulas cike da ƙanƙara, da safe kuma a tafi da tantanin jami'a. Ya yi wanka ya tafi masallaci.

Na iso gidan maza sun watse zuwa Juma'a. Ban daɗe da zama ba aka yi sallama, ma'aikatan Alhaji ne su biyu, Kiristoci, shi ya sa ya zaɓi lokacin. Suna ɗauke da tsani da dogon ƙwan lantarki, farin nan. Babbansu ya ce Alhaji ya ce a sa wa Malam wuta kafin a sauko, ya dawo ya tarar da abin mamaki, kuma ya ce makulli na wurin ƙanwarsu. Adda, da yake baƙin maza sun shigo, tana cikin ɗaki, daga bayan labule take ce min, “Auta, ya ce fa kada a buɗe.”

Na san ya ce. Na san maganin ɗaya ne, na san hannunsa. Amma ga abin da ya zo min a rai, kuma zan faɗe shi yadda yake. Na gaji da Likitan Karfasa. Na gaji da matan unguwa da ke yin shiru in na shigo gidan suna. Na ce a raina in aka buɗe ɗakin nan baƙi suka gani da idonsu duro ne da kifi, maganar aljanu ta mutu. Na ce minti nawa ne, haske ai ba ya kashe kifi. Ni mai takardar malanta, ni da aka yi wa bayani sau ashirin, na yi tunani irin na Alhaji sak. Kuma ina tsoron Alhaji, shi ma gaskiya ne, don a lokacin ba a ce masa a'a. Na kwance makullin daga bakin zanena na miƙa.

Suka yaye labulen biyu, suka ɓalle yadin taga don su ga abin da suke yi. Rana ta faɗa ɗakin har cikin duro. Suka huda bango, suka ja waya, suka kafa ƙwan, suka tada inji don gwaji. Ya yi ƙifta-ƙifta ya kama, fari fat. Ƙaramin ya leƙa duro ya ce kai, kifin nan sun yi ƙiba. Na leƙa ni ma, suna ta iyo lafiya lau, ko ɗaya bai mutu ba, har na ji hankalina ya kwanta.

Hamma ya dawo da dardumarsa a kafaɗa, Alhaji na biye da shi yana murmushi, da mutum uku da ya gayyato su shaida. Hamma ya tsaya a bakin ƙofar. Ya dubi ƙwan, ya dubi tagar, ya dubi duro. Sannan ya dubi kwaɗon, ya ga ba fasa shi aka yi ba, buɗewa aka yi. Bai juyo ya dube ni ba, kuma da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Hannunsa na dama ya fara kaɗawa, ya tura shi cikin aljihu.

Alhaji ya ce, “Yaya ka gani, Hamma? Yanzu ko allura ka yar za ka tsinta.”

Hamma ya ce, “Na gani. Allah ya saka da alheri.”

Da la'asar abokinsa ya iso da fulas ɗin ƙanƙara. Hamma ya fita zaure ya yi magana da shi a hankali, mutumin ya juya da fulas ɗin. Sannan ya ce wa Adda ta soye kifin da ba a yi wa allura ba, sauran ya haƙa rami ya binne da kansa. Aka kai wa ma'aikatan nan biyu, don ya ce su aikinsu suka yi, aka kai wa Alhaji kwano guda. Washegari Alhaji ya aiko cewa bai taɓa cin karfasa mai daɗin wannan ba, ashe kiwon duhu na da sirri.

Ni na kasa haƙuri, kwana biyu bayan nan na same shi a ɗakin yana kwashe ruwan duro. Na durƙusa ina kuka, na ce ni ce, kuma yanzu zan je in gaya wa Alhaji abin da ya rusa, in gaya masa a gaban yaransa. Hamma ya ce ya san ni ce, makulli biyu ne a duniya. Ya ce kuskurensa ne da ya yi wa mutane bayani da baki maimakon ya zauna a bakin ƙofa, Allah ba zai kama shi don ya rasa Juma'a ɗaya ba. Game da Alhaji kuwa ya ce, “Muddin ina numfashi ba za ki gaya masa ba. Abu ɗaya ya taɓa yi min da zuciya ɗaya, ba zan ƙwace masa ba.” Na ce to ni fa? Ya ce ke kin riga kin sani, wannan ya ishe ki.

Ya koma jami'a ya gaya wa malamin cewa haske ya shiga ɗakin, bai ce ta yaya ba. Aka sake neman maganin. Kafin ya iso an yi damina biyu, hannun Hamma ko maɓallin riga ba ya iya sawa. Ya ajiye aiki ya dawo Jekadafari. Bayan wasu shekaru malamin ya aiko masa da wata takarda da aka buga a ƙasar waje, wasu can sun yi irin gwajin da wata dabbar, sun sami abin da ya zata. Ni na riƙe masa takardar don ta daina rawa ya karanta. Da ya gama ya ce alhamdu lillahi, ashe ba hauka yake ba. Na duba sunayen da ke sama, mutum huɗu, ban iya karanta ko ɗaya ba.

Shekara ashirin da uku ya yi da ciwon. Ya koma tafiya da ƙananan taku, murya ta shige, fuska ta daskare har yara na tsoronsa. Adda ce ke ba shi abinci a baki. Daga gidana na unguwar Federal Low-Cost nake zuwa duk Juma'a in yanke masa farce. Kuma duk Sallah Alhaji zai zo da zugarsa, ya zauna, ya ba da labarin yadda ya sa wa gidan wuta. Ina buɗe baki sai in ji idon Hamma a kaina. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofi, da ido kaɗai yake danne ni, in haɗiye maganata in tashi in ba su wuri.

To, ranar sadakar uku numfashin da ya yi min iyaka da shi babu. Da mutane suka ragu bayan azahar na aika a kira min Alhaji, na ce akwai kayan marigayi da zan nuna masa. Ya shigo yana dogara sanda, ya tsufa shi ma, simintin ya daɗe da tafiya, saura muryar. Na kai shi ɗakin ƙarshen gida. Hamma ya mai da yadin taga da labulensa tun a wancan makon, kuma bai bari an mai da ɗakin komai ba. Muka shiga na saki labule.

Na gaya masa duka, a tsaye. Maganin, da hannun, da sunan da za a sa a sama, da abin da ƙwansa ya yi cikin rabin sa'a, da wadda ta ba da makulli. Shekara ashirin da uku ina tanadin maganar nan, na zaci in na faɗe ta ƙasa za ta tsage. Can ya ce, “To shi Hamma me ya hana shi faɗa? Ai da na cika masa mota da kifi.”

Duk zagin da na tanada na fasa yin sa, don na gane ko na kwana ina yi ba zai ji ba, kuma Hamma ya san haka tun ranar. Sai na ji yana lalube a bango, yana cewa ɗakin nan ya cika duhu, ina makunnin yake, ai nan suka sa shi. Ya same shi. Ya ce wa ya like wannan da filasta?

Hamma ne. Bai taɓa cire ƙwan ba, don kyautar ƙaninsa ce, yana nan a sama har yau. Makunnin kawai ya like, in filastar ta tsufa ya sa Adda ta ƙara wata a kai. Na ji farcen Alhaji ya fara ɓantarar ta. Na kai hannu cikin duhu na damƙe wuyan hannunsa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

“Ba za ka kunna ba,” na ce. “Tsaya tukuna, ba ido lokaci.”

Ya tsaya, ina jin mamaki ne ya tsai da shi, don ban taɓa hana shi komai ba. Muka yi tsaye, tsoho da tsohuwa. A hankali ɗan hasken da ke satar shigowa ta ƙasan ƙofa ya fara isar mu. Sai ga rabin duro huɗu a kife, sai ga tocila da jan ƙyallenta, sai ga 'yar kwalbar maganin a kan kantar bango, babu komai a ciki. Ina riƙe da hannun Alhaji gam. Abin da ya kamata in yi wata Juma'a ke nan, ina da shekara ashirin da bakwai da makulli a bakin zane, ban yi ba sai yau da babu ko kifi ɗaya a ɗakin.

Allah ya jiƙan Hamma, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Kowa ya zo gaisuwa cewa yake Allah ya haskaka kabarinsa, ina amsawa da amin. Ni dai nawa roƙon, Allah ya ba shi abin da ya nema, a lokacin da ya nema, ya kuma tsare shi daga alherin irinmu.